Maganin da Sai da Ya Bi ta Barbarci

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani laifi nawa ne da ya daɗe yana ci mini rai.

A watan Satumba na 2014 garin Bama ya faɗa hannun 'yan Boko Haram. Kafin shekarar ta ƙare, wata mata da mijinta da 'ya'ya uku suka iso unguwarmu, Tudun Wadan Zariya, ba su da komai sai ƙullin tsummokara da wata 'yar rediyo. Baba ya ba su ɗakin zaure. Matar Babarbariya ce, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

Da damina ta kama a 2015, autanta ya kamu da amai da gudawa. Ni kuwa, da yake ina ji da karatuna, na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ta yi ta gyaɗa kai. Ashe ruwan ma gaba ɗaya ta hana shi, don a ganinta shi ke ƙara gudawar. Kwana biyu idon yaro ya faɗa, sai da muka kwashe shi cikin dare zuwa asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Allah Ya yi da sauran kwana.

A hanyar dawowa na ce wa Inna, "Wallahi jahilci ne kawai." Inna ta dube ni ta ce, "Ke dai kin faɗa. Kin tabbata ta ji?"

A shekarar ne aka buɗe gidan rediyon Dandal Kura, mai watsa shirye-shirye ta gajeren zango da Barbarci da Hausa saboda mutanen yankin Tafkin Chadi. Ranar da mijinta ya laluɓo tashar, kuka na jiyo daga zaure. Na zaci rasuwa aka yi. Ashe harshenta ta ji yana fitowa daga akwati, karon farko tun barinta gida. Daga nan ba ta ƙara bari lokacin shirin ya wuce ta ba.

Bayan 'yan watanni na shiga maƙwabta, na tarar da ita tana auna sukari da gishiri saboda ɗan gidan, tana nuna wa uwar da yatsu. Na tsaya sororo. Babbar 'yarta, wadda ta riga ta kama Hausa a makarantar allo, ita ta fassara mini maganarta: "Yaya, a rediyo na ji. Ranar da kika gaya mini ban gane ba. Kunya ce ta hana ni sake tambaya a gidan da ake ciyar da ni."

Jikina ya yi sanyi. Ban taɓa tunanin cewa gyaɗa kan mai gudun hijira wani lokaci godiya ce kawai ba.

Daga baya na karanta cewa a Dadaab ta ƙasar Kenya, inda 'yan Somaliya suka fara fakewa tun 1991, an kafa rediyon Gargaar da harshen Somaliyanci don isar wa mutane saƙonni, har da na lafiya. Ban yi mamaki ba. Wanda ya rasa gida da gona, muryar da ta yi kama da ta uwarsa ita yake yarda da ita.

Sun koma Maiduguri tuntuni. Amma har yau, in na yi wa wani bayanin magani, sai na ce, "To, maimaita mini." Idan kuma ba yarenmu ɗaya ba, sai na nemo mai jin nasa tukuna.

Allah Ya mayar da duk mai gudun hijira gidansa lafiya. Amin.