Tseren Jirgin Ruwa Tsakanin Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi

Idan aka ce jirgi a Ƙauran Namoda, hankalin dattawa tashar jirgin ƙasa yake tafiya, domin nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe tun 1929. Jirgin ruwa kuwa ba gadonmu ba ne. Gulbin Gagare yakan cika ya batse da damina, amma da rani ya tsaya sai yashi. Shi ya sa duk wanda ya ji cewa mu ɗalibai biyar, maza uku mata biyu, mun duƙufa wajen ƙera ɗan ƙaramin jirgin ruwa na tsere mai aiki da rimot, dariya yake fara yi kafin ya tambaye mu dalili.

Dalilin shi ne zumunci. Muna da abokan karatu da suka koma gidajensu a Shinkafi da Zurmi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to amma kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi suke ciki a ’yan shekarun nan saboda ’yan bindiga. Babu iyayen da za su bar yaro ya hau mota don kawai ya je wasan ƙwallo ko muhawara a wani gari, kuma suna da gaskiya. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe makarantu da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara. Sai muka shiga neman gasar da za a iya yi ba tare da an haɗu ba. Kowane gari yana da kududdufi da damina, kowace waya tana da agogon ƙidayar daƙiƙa. Idan aka auna nisa iri ɗaya, aka bi ƙa’ida iri ɗaya, to tsere ya yiwu ko da kowa yana bakin ruwan garinsu.

Abin da muka koya a hanya shi muke son mu ba ’yan’uwa ɗalibai, musamman ’yan kulob ɗin JETS da ke neman aikin da za su nuna.

Da farko, kada kalmar rimot ta tsorata ku. Fasahar ta haura shekara 120 a duniya. A 1898 ne Nikola Tesla ya nuna wa jama’a ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba, a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York na Amurka. Abin da ya ba manyan mutane mamaki a wancan zamani, yau yana cikin motar wasan yara da ake sayarwa lokacin sallah, wadda takan lalace bayan kwana uku a jefar. Galibi tayoyi ne ko giya suke karyewa, amma fanel ɗin da ke karɓar saƙo da rimot ɗinsa suna nan lafiya lau. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa, mataki ɗaya kawai muka ƙara.

Namu fanel ɗin wajen wani dattijo mai gyaran rediyo muka samo shi. Da muka yi masa bayani sai ya ce, “Samari, mi za ku yi da gawar mota?” Muka ce, “Baba, jirgi za mu yi.” Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Shi ne ya koya mana mu ƙirga batiran da motar take ci tun asali kafin mu jona mata komai. Idan uku take ci, kowane volt 1.5, to 4.5 ke nan, kuma batirin litiyam guda ɗaya samfurin 18650, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ishe ta, domin ƙarfinsa volt 3.7 ne, idan ya cika kuma 4.2. Wanda ya jera biyu don kwaɗayin gudu, fanel ɗin ne zai ƙone. Sannan a duba lambar da ke jikin rimot. Masu 27 MHz idan biyu suka haɗu a wuri guda sukan shiga layin juna, masu 2.4 GHz kuwa kowane yana gane abokinsa.

Sai dai malaminmu na kimiyya bai bari mun fara da lantarki ba. Ya ce, “Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ku kawo mini abin da zai zauna a kan ruwa.” Daga nan ne darasin Archimedes, wanda muka haddace don jarrabawa, ya zama abin taɓawa da hannu. Wannan masani na ƙasar Girka ya gano tun sama da shekara 2,200 da suka wuce cewa ruwa yana tallafar abu da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan ledar fiya wata mai rabin lita rabin kilo ce, kuma ita ta zama ma’auninmu.

Gangar jikin jirginmu daga farin soson nan da ake naɗo talabijin ko firji a cikinsa muka yanko ta: tsawo santimita 40, faɗi 14, kauri 5. Muka fere gaba ya yi tsini ya ɗan ɗaga sama, muka bar ƙasan baya a shafe, domin jirgin tsere so ake idan ya ɗauki gudu ya hau saman ruwa yana sulɓi maimakon ya riƙa ture shi da ƙirji. A babban baho muka gwada. Da leda ɗaya a kansa, santimita ɗaya da ɗoriya kawai ya nutse. Inji da batir da fanel gaba ɗaya ba su kai nauyin ledar ba, saboda haka hankalinmu ya kwanta. Ku kula, sufa gulu da fetur suna narkar da wannan soso. Gam ɗin kyandir da bai yi zafi sosai ba, ko gam mai haɗi biyu, su ne suka dace.

A cikin bahon nan muka ga wani abu da ya sa muka yi shiru. Idan leda tana kwance a tsakiya, ko an girgiza ruwa jirgi yana komawa daidai. Idan aka ɗora ta a kan gwangwani ta yi sama, ko aka matsar da ita gefe da ɗan yatsa biyu, nan take sai ya kife. Malam ya tuna mana kwale-kwalen da ya kife da manoma a Gummi a watan Satumba na 2024, inda aka rasa rayuka da dama, Allah ya jiƙansu. Ya ce dokar da ke aiki a baho ita ke aiki a gulbi: lodi ya yi yawa, ko mutane su miƙe tsaye, ko su ruga gefe guda, sakamakon ɗaya ne. Tun daga ranar muka daina kallon aikin a matsayin wasa kawai. Batir, wanda ya fi komai nauyi, a can ƙasa muka binne shi cikin soso. Muka riƙa matsar da kaya har sai da jirgin ya daidaita a kan fensir a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga baya, inda masu ƙera irin waɗannan jirage suke son nauyi ya taru.

Bayan haka sai turawa. Sandar da ke juya farfela siririn ƙarfen nan ne na wilin keke, wanda bakinsa yake da zare da ɗan noti. Muka zura shi cikin bututun biro da aka cika da man basilin, muka soka bututun ta ƙasan jirgi a ɗan karkace. Man yana hana ruwa hawowa, yana kuma rage gogayya. Tsakanin ƙarfen da bakin inji, guntuwar robar bawul ɗin keke ce ta haɗa su. Farfelar kuwa daga gwangwanin madara muka yanke ta, kunne biyu, aka ɗan murɗa kowanne. A nan ma awo ne ya yi hukunci. Ido yana raya wa mutum cewa babbar farfela ta fi gudu, amma ƙaramin inji ba ya iya juya ta a cikin ruwa, sai ya yi zafi, batir ya ƙare. Mun yanka girma uku, muka gwada kowace, mai faɗin santimita 3 ce ta yi nasara. Don juya akala kuma, ba mu wargaza abin da ke karkata tayoyin gaba na motar ba. Ɗungurungum muka ɗauke shi, muka haɗa shi da wata ’yar wutsiya ta roba a bayan farfela ta hanyar lanƙwasasshiyar waya. Fanel yana cikin robar man shafawa mai murfi, eriya tana tsaye a waje, domin saƙon rediyo ba ya ratsa ruwa da kyau.

Abokanmu ba su kwaikwaye mu ba, kuma wannan ne ya sa gasar ta yi armashi. Kududdufin ’yan Shinkafi yana da ciyawa da kainuwa da ke naɗe farfela, sai suka haɗa gorunan ruwa biyu da katako, suka ɗora fanka a sama tana tura iska. Nasu ba ya maƙalewa, amma idan iska ta taso daga gefe sai ta kwashe shi. ’Yan Zurmi kuwa bututun roba na famfo suka gasa suka miƙar, suka sa inji biyu, hagu da dama, ta yadda idan ɗaya ya tsaya jirgi sai ya juya ba tare da wutsiya ba. Kowane gari ruwansa ne ya zaɓar masa siffar jirgi.

Ƙa’idojinmu kaɗan ne. Tsawon jirgi kada ya wuce santimita 50. Batir ɗaya tak. Ana auna igiya mai mita 20, a kafa kara a farko da ƙarshe, a ɗauki bidiyo ba tare da yankewa ba tun daga awon igiyar. Ana gudu sau uku zuwa, sau uku dawowa, don kada iska ta yi wa wani alfarma, sannan a fitar da matsakaici. Lissafin mai sauƙi ne: jirgin da ya ci mita 20 a daƙiƙa 10 yana gudun mita 2 a daƙiƙa, idan aka ninka da 3.6 ya zama kilomita 7.2 a awa. Ɗaya daga cikin ’yan matanmu ce ke riƙe da littafin sakamako, kuma ba ta karɓar “ai kowa ya gani”. Idan akwai sabis a tura ta WhatsApp, idan babu a rubuta a takarda a ba direban da aka sani. A yanzu ’yan Zurmi ne a gaba, da tazarar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba.

Akwai abubuwan da ba ma wasa da su, kuma muna roƙon duk mai son bin sahunmu ya riƙe su. Ruwa ba sa’an kwando ba ne, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa yana iya zurmawa farat ɗaya, kuma irin wannan ruwa na kwance shi ke ɗauke da cutar tsargiya. Idan jirgi ya mutu a tsakiya, babu mai shiga. Ƙwallo ake ɗaure wa zare a jefa ta bayansa a jawo. Ba ma fita bayan gari neman ruwa mai kyau, wanda ke cikin unguwa ya ishe mu, kuma sai da babba a wurin. Kafin mu fara mun je mun gaida mai unguwa mun nuna masa jirgin, domin a wannan zamani duk wanda aka gani da na’ura mai eriya dole a yi masa tambaya. Batirin litiyam kuma ba a huda shi, ba a barin kawunansa su haɗu da ƙarfe, ba a cajinsa sai da ɗan fanel ɗin caji da aka yi dominsa, wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa kuwa a rabu da shi.

Kuɗin da muka kashe daga na tara muka tara su, da ɗan abin da muka samu a aikin gona, kuma mafi yawa a gam da dalma suka tafi. Wasu a gida suna ganin da littafi muka riƙe a lokacin da ya fi. Amsarmu ita ce littafin sakamakon nan: a cikinsa akwai nauyi, da girma, da gudu, da matsakaici, da ƙarfin lantarki, duk abubuwan da WAEC da NECO suke tambaya. Uku daga cikinmu suna da burin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, su karanci aikin injiniya, kuma ba sa son ranar farko a ɗakin gwaji ta zama ranar da za su fara riƙe ƙarfen narka dalma.

Lokaci ne ba ya jiranmu. Da zarar an shiga kaka ruwa zai fara ja da baya, kafin sanyi ya kankama kududdufin ya zama taɓo, sai kuma wata daminar idan Allah ya kai mu. Muna da ’yan makonni mu rage daƙiƙa biyun nan, kuma mun riga mun fara fere sabuwar gangar jiki da ta fi ta farko siranta.

’Yan’uwa na Gusau da Talata Mafara da Isa da Jibiya, idan kuna son shiga, kada ku jira sai kun sami rimot. A wannan makon ku nemo soso, da baho, da ledar ruwa biyu, ku ga nawa jirginku zai ɗauka kafin ya kife, ku rubuta. Sannan ku auna igiya mai mita 20. Littafinmu yana da sauran shafuka.