Takardun Cikin Adakar Kakata

'Yan uwana mata, saura ƙiris in hura wuta da gadonmu. Ranar da muke kwashe kayan kakata a Gumel bayan rasuwarta, na ci karo da wani ƙunshin takardu a ƙasan adaka, gara ta cinye gefensu. Har na nufi murhu, Baba ya daka min tsawa: "Ke, kawo nan!"

Ashe na kakanmu ne. A shekarun 1930, lokacin rububin haƙar zinariya a Birnin Gwari, ya jinginar da gonarsa ta Gagarawa ya tafi nema. Ga takardun haraji, ga na bashi da ajami, lissafin duk fam da sule da sisi, don sai 1973 naira ta shigo. Ɗaya ta nuna ya dawo ya fanshi gonar, har da sunayen shaidu. Wallahi ita ta kashe rigimar da muka daɗe muna yi kan gonar nan.

Tun daga ranar nake bin dangi gida-gida ina tattara irinsu. Don Allah ku buɗe adakar kakanninku kafin gara ta riga ku.