Wuƙar Feƙe Alƙalami a Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi da ke tsakiyar birnin Kano ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, sai mutum ya karkace kafin wani ya wuce. Mu ɗalibai biyar muka shiga ranar wata Asabar, muka bar masu sirdi da masu turare, muka tsaya wajen masu allo da tawada.

A nan muka tarar da wani dattijo yana feƙe alƙaluma. 'Yar wuƙarsa ta sha washi har ta sirance. Yakan ɗauki sillen kara, ya zabge gefe ɗaya, ya juya ya zabge ɗayan, ya ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada, sannan ya gwada a farcensa. Ko kallon hannunsa ba ya yi. Allunan da ke jingine bayansa na icen aduwa ne. Muka ce, "Baba, ko za mu gwada?" Ya miƙo wuƙar. Cikinmu mutum ɗaya kaɗai ya iya, shi ma don a ƙauye ya tashi.

A da, bayan girbi, yaro kan zauna gindin bishiya da wuƙa ko reza, ya ɓare karan dawa, ya ƙera mota da ɓawon da totuwar, har da tayoyi masu juyawa. Wani ya sassaƙa reshe mai baki biyu ya ɗaura danƙo. Ba wanda ke biyansa, hannu ne ke koyon auna abu. Yau motar roba ta cika kasuwa, wayar hannu kuma ta cinye yammacin.

Ita kanta wuƙar sunanta ya ɓaci. Faɗan daba da ƙwacen waya sun sa duk saurayin da aka kama da wuƙa a aljihu a Kano sai ya yi dogon bayani, idan ma an saurare shi. Ba mu ga laifin masu tsoron ba, mu ma muna ɓoye wayoyinmu da magariba. Turawa ma haka: tun harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka hana fasinja shiga jirgin sama da wuƙar aljihu.

Sai dai allo na nan, kuma biro ba ya rubutu a kansa. Kafin mu tashi, almajirai uku sun zo sayen alƙalamin da malamansu suke feƙe wa kansu suna yara.