Nasarar da Ba Ta Tayar da Ƙura Ba

Akwai wata ciyawa mai dafi da ke fitowa a duwatsun Turai da Asiya, wadda Turawan Ingila ke kira *aconite*. Sunan ya fito daga Girkanci, *akoniton*, kuma wasu masana na raba shi gida biyu: *a*, wato babu, da *konis*, wato ƙura. Pliny, malamin Rum da ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya danganta sunan da falalen duwatsun da take tsirowa a kai, inda ko ƙurar da za ta riƙe saiwarta babu.

'Yar'uwar wannan kalma, *akoniti*, ita ta fi ɗaukar hankalina. 'Yan kokawar Girka sukan shafa mai, sannan su barbaɗa ƙura a jiki kafin su shiga fage. Wanda bai sami abokin karawa ba, aka ba shi kambu jikinsa fes, shi ake cewa ya ci "babu ƙura". Marubuci Pausanias ya ambaci Dromeus, mutumin Mantineia, a matsayin na farko da aka san ya yi irin wannan nasara a gasar Olamfiya, a shekara ta 480 kafin Miladiyya, bayan abokin hamayyarsa ya galabaita a dambe.

Ni da na taso ina kallon kokawa bayan kaka a ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, na san darajar ƙura. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi yakan haɗu da wadda ƙafafun 'yan wasa ke tayarwa, makaɗi na kirari, mu kuma muna tari muna ihu. Wanda ya koma gida da bayansa fari fat, kowa ya san ya sha ƙasa. Ƙura ce shaidarmu.

Shi ya sa nake dakatawa duk lokacin da na ji an ce ɗan takara ya fito "ta hanyar maslaha", ko ya ci "babu hamayya". Mai yiwuwa gwarzo ne da kowa ke shakka. Mai yiwuwa kuma an kulle ƙofar fagen tun da dare. A kokawa 'yan kallo na iya bambancewa, domin sun ga gwarzon yana kayar da maza a baya. A siyasa kuwa, hakkinmu ne mu tambaya: wa ya janye da kansa, wa aka janye?