Abincin Rana a Kasuwar Balogun

Duk baƙon da ya shiga kasuwar Balogun, a tsibirin Ikko, ana saura mako guda Kirsimati ko Babbar Salla, ba ya tunawa da cikinsa sai azahar ta yi. Tun hantsi yake kutsawa lungu-lungu, daga rumfar atamfa zuwa ta leshi, ga ƙunshi a ka, hannu ɗaya dafe da aljihu saboda 'yan sane.

Sa'an nan yunwa ta taso, wurin zama kuwa babu. Wanda ya san gari sai ya bi sawun 'yan dako, don su ne suka san bukkar da tukunyarta ke ƙarewa tun da zafinta. Can zai tarar da amala, wato tuwon garin doya, da miyar lalo wadda Yarabawa ke kira ewedu, da gbegiri, miyar wake. Barkononsu fa ba ya jin tausayin baƙo.

Amma ya tambayi kuɗin kowace tsoka kafin a zuba, domin nama daban ake lissafa shi. Ƙunshinsa kuwa ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. In ya wanke hannu, Babban Masallacin Ikko, wanda aka buɗe a 1988, yana nan kusa a titin Nnamdi Azikiwe.