Tambayar Da Ta Ba Ni Kunya

Ran 7 ga Satumba, 2025, wata ya yi husufi, yaran unguwarmu suka fita da kiɗan gwangwani, wai rana ta kama wata. Da muka koma makaranta sai wata yarinya ta ce, "Malama, da me rana ta kama shi?" Wallahi na yi tsuru-tsuru, ga ni da takardar malanta amma ba amsa.

Ban kwana ba sai da na bincika. Kashegari na kawo fitila da ƙwallo da lemo, muka rufe tagogi. Fitila ce rana, ƙwallo duniya, lemo kuwa wata. Da ƙwallo ya shiga tsakani, inuwarsa ta rufe lemo, sai aji ya kaure da sowa.

Ashe hanyoyin neman wannan ilmi suna nan, mu ne ba mu nema. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife akwai cibiyar koyar da ilmin sararin sama tun 1998. Kowace shekara kuma, daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, ana makon sararin sama a duniya. Malama tana iya shirya nata a ajinta.

Iyaye mata, kada ku kwaɓi yarinya in ta yi tambaya. Valentina Tereshkova, macen farko da ta je sararin sama a 1963, ma'aikaciyar masaƙa ce. Allah ya sa mu dace, amin.