Lissafi a Bayan Kwalin Allura

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, masara ta fid da goyo, ɗakin yara a asibiti yakan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. A nan za ka ga nas ta tsaya da sirinji a hannu, ba ta zuƙi maganin ba tukuna, ta jawo kwalin allurar tana rubuta lambobi a bayansa. Mai jinya yakan ɗauka ɓata lokaci take yi. "Malama, jikin nasa fa ya yi zafi!" Alhali nan ne aikin yake.

Ɗauki artesunate, allurar da ake yi wa wanda zazzaɓin ya kwantar. Gari ne a kwalba, miligiram 60. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo. Wanda ya kai, 2.4. Wato ƙaramin ne ke samun kaso mafi yawa, abin da hankali ba ya kawowa da kansa. Yaro mai kilo 10 zai samu miligiram 30, rabin kwalba. In ta jijiya za a ba shi, ana dama garin ya kai mil 6, a zuƙi 3. In a cinya ne, mil 3 kawai ake damawa, a zuƙi ɗaya da rabi. Wadda ta riƙe "uku" a kanta ta manta da yadda aka dama, ta ninka wa ɗan mutane magani ke nan.

Manomi a Bakori yana auna maganin ciyawa da gwangwanin madara, in ya zarce kaɗan masara ta yi yaushi ta farfaɗo. Jikin jariri ba ya ɗaukar irin wannan kirdado.

Ƙarin ruwa ma haka ne: leda mai mil 500 da ake so ta ƙare cikin awa 4, kimanin ɗigo 42 ne a minti idan bututun na manya ne, a ƙirga da agogo.

Shi ya sa nake ganin shaidar kammala makaranta, ko ta ungozoma ta Malumfashi ce, da lasisin hukumar jinya ta ƙasa, ba su hana a zaunar da sabuwar ma'aikaciya ta yi irin wannan lissafi a gaban babbar nas kafin a bar mata ɗaki da dare. Ba raini ba ne. Lissafin na ɗan firamare ne, amma yin sa da fitilar waya, yaro na jijjiga, uwa na salati, wani abu ne daban.

A haɗa mata kuma da tambayar da ta fi kama mutane: uwa ta ce shekararsa biyu, sikeli ya lalace. Yaron da tamowa ta taɓa zai iya yin shekara biyu bai wuce kilo 7 ba. Amsar da ake nema ita ce ta je ɗakin awo ta aro wani sikelin.